Ɗuwaisu, mawaƙin Madina mai lalle a hannu

Sunansa na yanka Isa bin Abdullahi, amma Madina ta san shi da Ɗuwaisu, wato ƙaramin ɗawisu. Ni dai laƙabin ne ya fara jan hankalina, don ɗawisu ba ya ɓoye adonsa. Shi ma bai ɓoye ba. Yana cikin waɗanda Larabawa ke kira mukhannas, masu tafiya da magana da kwalliya irin ta mata. A nan Garwa da ɗan daudu za mu ce kawai, mu kau da kai.

An haife shi a 632. Ya taso yana yi wa Arwa, mahaifiyar Halifa Usman, hidima, ya zama gwanin waƙa da bandiri har ana lissafa shi a farkon manyan mawaƙan zamanin Musulunci. Littafin Al-Agani na Abul Faraj ya kawo labarin ranar da Abana ɗan Usman ya zo Madina a matsayin gwamna: Ɗuwaisu ya tarye shi hannuwa sha da lalle, ya yi waƙa, gwamna ya ji daɗi ƙwarai.

Abin da mutane ba su cika faɗa ba shi ne yana da mata da ɗa. Ta wata muguwar hanya ma labarin auren ya iso mana. An ce ranar da Annabi (SAW) ya yi wafati aka haife shi, aka yaye shi ranar rasuwar Abubakar, aka yi masa kaciya ranar da aka kashe Umar, ya yi aure ranar da aka kashe Usman, aka haifa masa ɗa ranar da aka kashe Ali. Sai Larabawa suka mai da shi abin buga misali da farar ƙafa. Haba! Jariri a zanen goyo, me ya sani? Ni abin da na gani a lissafin nan shi ne saurayi ɗan shekara 24 da ya yi aure a 656, bai ajiye bandiri ba, bai daina ƙunshi ba, bayan shekara 5 kuma matar ta haihu a gidansa. Irinsa muna da su a bakin tasha suna tuƙa tuwo, da yamma su kai cefane gida.

Zama bai ɗore masa a Madina ba. Da gwamna Marwanu bin Hakam ya sa lada ga duk wanda ya kamo masa mukhannas, sai Ɗuwaisu ya koma Suwaida, tafiyar kwana biyu a hanyar Sham. Can ya tsufa, can ya rasu wajen 711, yana da kimanin shekara 80.