Ashok Kumar: Babban Wa Magajin Uba

Idan aka ce Kumar a fim ɗin Indiya, yawancinmu Akshay Kumar ne ke faɗo mana a rai, masu ɗan shekaru kuma su ce Dilip Kumar. To amma akwai wanda ya riga su duka, wato Ashok Kumar, dattijon da ya yi shekara 61 yana fitowa a fim. A masana'antar, Dadamoni ake kiransa, ma'ana babban yaya abin ƙauna, kuma wallahi sunan ya bi jiki.

Sunansa na yanka Kumudlal Ganguly. An haife shi ranar 13 ga Oktoba, 1911 a garin Bhagalpur, shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa lauya ne, ya tura shi Kalkata karatun lauya, amma zuciyar yaron tana wajen fim. Sai ya nufi Bombay wurin mijin ƙanwarsa, Sashadhar Mukherjee, ya samu aiki a ɗakin wanke fim na kamfanin Bombay Talkies.

Shi dai aikin bayan kyamara yake so, amma rabo ya rantse. A 1936 ana cikin ɗaukar fim ɗin Jeevan Naiya rigima ta ɓarke tsakanin jarumin fim ɗin da mai kamfanin, Himanshu Rai, aka sallami jarumin. Aka jawo Kumudlal daga ɗakin wanke fim, aka raɗa masa suna Ashok Kumar. A shekarar ya sake fitowa a Achhut Kanya tare da Devika Rani, daga nan likafa ta ci gaba. A 1943 ya yi Kismet, inda ya fito a ɗan sane, a zamanin da ba a saba ganin jarumi da halin ɓera ba. Fim ɗin ya haura shekara uku ana haska shi a sinima ɗaya a Kalkata.

Abin burgewa shi ne bai ci shi kaɗai ba. Ƙannensa biyu, Anoop da Kishore, a inuwarsa suka shigo harkar. Eh, Kishore Kumar ɗin da kuka sani, mai muryar da Rajesh Khanna da Amitabh suka yi tashe da ita, ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba shi shekara 18. A fim ɗin Ziddi na 1948 Kishore ya fara rera waƙar fim, kuma Ashok ne ya zaɓo Dev Anand ya ja fim ɗin. A 1958 'yan'uwan uku suka haɗu a Chalti Ka Naam Gaadi a matsayin makanikai, tare da Madhubala. Ita kuwa ƙanwarsu Sati Devi, kakar Kajol ce ta wajen uba.

A gida ma haka yake. Ya auri Shobha Devi a 1936, shekarar da ya fara fim, kuma duk da ɗaukaka da kuɗi bai canza ta ba. Sun haifi 'ya'ya huɗu, namiji ɗaya mata uku, sun zauna sama da shekara hamsin.

Shekarar 1987 ce ta girgiza shi. Matarsa ta mutu, bayan 'yan watanni Kishore ya bi ta, ranar 13 ga Oktoba, daidai ranar da Dadamoni ya cika shekara 76. Daga wannan rana bai ƙara yin bikin zagayowar ranar haihuwarsa ba.

Da girma ya zo, bai tsaya jayayya da samari kan zama jarumi ba. Ya fito a bos a Jewel Thief, ya fito a uba a Aashirwad na 1968 wanda ya ba shi kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa, ya yi barkwanci da Pran a Victoria No. 203. An ba shi lambar Dadasaheb Phalke ta 1988, mafi girma a harkar fim ɗin Indiya. Fim ɗinsa na ƙarshe ya fito a 1997, ya mutu a Mumbai ranar 10 ga Disamba, 2001 yana da shekara 90.

Wanda bai taɓa kallonsa ba, ya fara da Chalti Ka Naam Gaadi. Ku lura da yadda yake tsawata wa ƙannensa a garejin nan, za ku gane dalilin da ya sa masana'anta guda ta kira shi yaya.