Abebe Bikila: Sojan da ya lashe zinaren Olamfik kwana 35 bayan an yi masa tiyata

Masu gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, suna da wata rana da suke ɗauka da muhimmanci kusan kamar ranar gasar kanta. Ita ce ranar dogon gudu na ƙarshe. Yawanci takan zo ne ana saura mako uku a yi gasa: mutum ya yi kilomita 30 zuwa 35, daga nan sai ya shiga sassauta atisaye har ranar fita fage. A cikin waɗannan makonni ne tsokar da ta gaji take warkewa, jiki kuma ya tara kuzarin da zai ƙona a tazarar kilomita 42 da mita 195. Ko mutum ya tashi daga Zinder ya je Mirriya ya dawo da ƙafa, bai cike wannan nisa ba.

Ko saurayi ne mai gudun asuba a hanyar Droum, ko ɗan ci-rani da ya yi rajistar gasa a wani birnin Turai, wannan hutu kan fi ba shi wuya fiye da gudun. Sai zuciya ta riƙa raya masa cewa ƙarfinsa na zubewa, gara ya ƙara ko da gudu ɗaya. Tarihin Abebe Bikila, ɗan ƙasar Habasha da ya rasu a 1973, ya amsa wannan wasiwasi. Sau uku ya shiga gasar Olamfik, kuma kowane karo makonnin ƙarshe sun zo masa da jarrabawa ta daban.

Tasowarsa

An haifi Abebe ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato da ke yankin Shewa. Mahaifinsa makiyayi ne. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka mamaye Habasha, a 1935. Ya taso yana buga gena, wani wasan gargajiya mai kama da ƙwallon gora, wanda filinsa kan yi tsawon da sai mai dogon numfashi yake iya bin sa.

A 1952 ya shiga rundunar da ke tsaron fadar Sarki Haile Selassie a Addis Ababa, birnin da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, don haka mai gudu a can yana horar da huhunsa da jininsa ko bai sani ba. A shekarun nan Abebe ya saba yin doguwar tazara da gudu tsakanin tuddan Sululta da cikin birni.

A cikin rundunar ne ya haɗu da Onni Niskanen, wani mai horarwa daga ƙasar Suwidin da gwamnatin Habasha ta ɗauka aiki. Shi ya ga abin da ke jikin sojan, ya tsara masa atisaye na ƙa'ida. A 1956 Abebe ya zo na biyu bayan Wami Biratu a gasar sojojin ƙasar. A watan Agustan 1960 kuwa ya yi gudun fanfalaki a Addis Ababa cikin sa'a 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, lokacin da ya fi bajintar Olamfik da Emil Zatopek ya kafa a 1952. Wannan ya ba shi kujera a jirgin zuwa Italiya.

Birnin Rum: takalmin da bai yi daidai ba

A birnin Rum, ana saura 'yan kwanaki a yi gasa, Abebe ya samu sabon takalmin gudu. Da ya gwada shi sai ya matse shi, ƙafarsa ta yi bororo. Ya ajiye takalmin, ya yanke shawarar fita babu komai a ƙafa, yadda tafin ƙafarsa ya saba tun yana yaro. Masu horarwa a yau sun mayar da irin wannan shawara doka: ranar gasa ba a sa sabon takalmi, ba a cin baƙon abinci. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Marubuta tarihin wasanni sun ruwaito cewa shi da Niskanen sun zagaya hanyar gasar tun kafin ranar, suka lura cewa dab da ƙarshenta akwai dogon ginshiƙin dutsen nan na Aksum. Ginshiƙin kayan tarihin Habasha ne, sojojin Mussolini suka kwaso shi zuwa Rum a 1937.

An yi gasar ranar 10 ga Satumba, 1960, wata guda da 'yan kwanaki bayan Nijar ta samu 'yancin kai, kuma saura mako uku Najeriya ta samu nata. An tashi da yamma saboda zafi, aka ƙare cikin dare, sojoji na riƙe da sandunan wuta a gefen tsohuwar hanyar Appia. Abebe, mai lamba 11 a ƙirji, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko har suka zo ƙarshen hanya, sannan ya ƙara wuta ya bar shi. Ya isa ƙofar tarihi ta Konstantin cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.2, daƙiƙa 25 gaban Rhadi, kuma lokaci mafi sauri da aka taɓa yi a duniya zuwa ranar. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya ci lambar zinare a Olamfik, kuma ya ci ta ne a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasa.

Wata uku bayan ya koma gida, a Disambar 1960, shugabannin rundunarsa ƙarƙashin Janar Mengistu Neway suka yi yunƙurin kifar da sarki. Yunƙurin bai yi nasara ba. An tsare Abebe na ɗan lokaci kamar sauran 'yan rundunar, aka yi masa tambayoyi, aka sallame shi. A 1961 ya lashe gasanni a Atina ta Girka, da Osaka ta Japan, da Kosice ta tsohuwar Cekoslobakiya. A 1963 ya zo na biyar a Boston ta Amurka.

Tokyo: hutun dole

A watan Agustan 1964 Abebe ya lashe gasar share fage a Addis Ababa cikin sa'a 2 da minti 16. Komai na tafiya daidai, sai ana saura kimanin kwana 40 a yi gasar Tokyo ciwon ciki ya kama shi yana tsakiyar atisaye a Debre Zeit. Likitoci suka gano afendiks ne, wato kumburin wani ɗan ƙaramin reshe na hanji, wanda idan ya fashe yakan iya kisa. Aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba. Cikin mako guda ya bar asibiti.

A lissafin masu gudu, wannan ya faɗo ne daidai lokacin da ya kamata ya yi dogayen gudunsa mafi nauyi. Ya rasa su. Abin da ya rage masa shi ne jinya, da tafiya sannu-sannu, da gudu marar nauyi. Mutane da yawa ba su zaci zai kai ƙarshen gasar ba, balle ya ci.

Ranar 21 ga Oktoba, 1964, kwana 35 bayan tiyatar, ya fito fage, wannan karon da takalmin Puma a ƙafarsa. Ron Clarke na Ostireliya da Jim Hogan na Ayalan suka ja gaba da sauri tun farko. Abebe ya bi su a hankali har ya cim musu. Kafin a kai rabin hanya Clarke ya ja baya, daga bisani Hogan ma ya gaza ya fita daga gasar. Abebe ya shiga filin wasa na Tokyo shi kaɗai, ya gama cikin sa'a 2 da minti 12 da daƙiƙa 11.2. Basil Heatley na Birtaniya, wanda shi ke riƙe da bajintar duniya a lokacin, ya iso bayan fiye da minti huɗu, sai Kokichi Tsuburaya na Japan ya zo na uku. Kafin su iso, Abebe ya koma kan ciyawar filin yana miƙe gaɓoɓi da motsa jiki, 'yan kallo na ta tafi. Shi ne mutum na farko da ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik sau biyu a jere.

Ba wanda zai ce tiyata dabarar horo ce, kuma mai jinya ba ya komawa gudu sai da izinin likita. Abin da Tokyo ta nuna shi ne ƙarfin da aka tara cikin shekara goma ba ya zubewa don an huta na 'yan makonni. Manomi da ya cika rumbu da damina ba ya tsoron ya zauna kwana biyu da kaka.

Meziko: hutun da ya zo a makare

Daga 1967 rauni ya fara bin sa. A gasar Zarautz ta ƙasar Sifaniya tsokar cinyarsa ta samu matsala, ya kasa kammalawa. Duk da haka ya ci gaba da shirin neman zinare na uku a birnin Meziko. Ana saura kamar mako guda a yi gasar ƙafarsa ta hagu ta fara ciwo, likitoci suka gano tsagewa a siririn ƙashin ƙwaurinsa, suka ce ya daina taka ƙafar sai ranar gasa. Mako ɗaya ba ya ɗinke ƙashi. Ranar 20 ga Oktoba, 1968, ya fita daga gasar bayan kimanin kilomita 16, abokinsa Mamo Wolde ya ci zinaren, Habasha ta samu na uku a jere. Wannan ne gudun gasa na ƙarshe a rayuwar Abebe.

Idan aka ajiye Tokyo da Meziko gefe da gefe, darasin ya fito fili. A Tokyo an tilasta wa jiki mai ƙoshin horo ya huta, ya fito da ƙarfinsa. A Meziko an ɗora wa jiki mai rauni nauyi har sai da ƙashi ya tsage, hutun ya zo bayan ɓarna ta riga ta auku.

Hatsari da rasuwa

A daren 22 ga Maris, 1969, motarsa ƙirar Volkswagen Beetle ta kife da shi. Ya samu rauni a laka, jikinsa ya shanye. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ya yi wata takwas. Hannuwansa sun dawo aiki, amma bai sake tafiya da ƙafarsa ba.

A kan keken guragu ya koma atisaye. A 1970 ya shiga gasar nakasassu ta Stoke Mandeville a fannin harbin kibiya da ƙwallon tebur, a 1971 kuma ya yi nasara a wani tseren nakasassu a kan ƙanƙara a ƙasar Norwe. A gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munich na Jamus an gayyace shi a matsayin baƙo na musamman, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa.

Ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa da ke da nasaba da hatsarin. Ya rasu da muƙamin kyaftin. Dubun dubatar mutane suka halarci jana'izarsa, har da Sarki Haile Selassie, aka binne shi a makabartar cocin Saint Joseph. Akwai filin wasa mai sunansa a birnin. Ginshiƙin Aksum da ya wuce ta gabansa ba takalmi kuwa, Italiya ta mayar wa Habasha da shi a 2005.

Ga wanda ya gama dogon gudunsa na ƙarshe a wannan mako, aikin da ya rage kaɗan ne: ya rage tazara, ya samu barci, ya ci abincin da cikinsa ya saba da shi, ya fita da takalmin da ƙafarsa ta sani. Idan kuma wani ciwo ya ƙi tafiya, ya je wurin likita tun da sauran lokaci.