Fela Sowande: Ɗan Fasto Da Ya Kai Waƙoƙin Yarbawa Majami'un Landan

An haifi Olufela Obafunmilayo Sowande a ƙasar Yarbawa a shekara ta 1905. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, fasto ne na ɗarikar Angilika, saboda haka tun yana ƙarami kunnensa ya saba da waƙoƙin sujada. A Legas ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta babbar majami'ar Kristi, inda T. K. E. Phillips ya koya masa kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu.

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi. Da kiɗan jaz ya riƙa neman abinci a gidajen rawa, abin da dattawan ikkilisiya na wancan zamani ba za su yi murna da shi ba. Duk da haka bai saki karatun ogan ba. A 1943 ya sami babbar shaidar Kwalejin Makaɗa Ogan ta Ingila, har da kyaututtukan zakara. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗi kuma shugaban mawaƙa a majami'ar Metodis ta Kingsway Hall.

A nan ne ya yi aikin da ya fi cancanta a tuna da shi. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne da hawa da saukar murya kan canja ma'anar kalma. Idan aka ɗora kalmominsa a kan muryar waƙar Turawa, sau da yawa ma'ana takan karkace, mai sujada yana rera wani abu dabam da abin da ke zuciyarsa. Sowande ya bi ta wata hanya: ya ɗauki muryoyin da Yarbawa masu bi suke rerawa, ya gina musu kiɗan ogan mai zurfi. Daga cikinsu akwai Jesu Olugbala, wato Yesu Mai Ceto, da Oyigiyigi, da Obangiji, sunan da kunnen mai jin Hausa ba zai kasa jin Ubangiji a cikinsa ba. Turawan da suka kawo littattafan waƙa Afirka sai ga su zaune suna sauraron muryoyin Afirka a majami'arsu. Ya kuma tsara African Suite, kiɗan kayan tsirkiya, wanda ya fi sauran ayyukansa shahara a duniya.

Ya komo gida a 1953 ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, inda ya tattara waƙoƙin gargajiya. A 1960, shekarar samun 'yanci, ya tsara Folk Symphony. A 1968 ya koma Amurka, ya koyar a Jami'ar Howard, daga baya a Pittsburgh. Ya rasu a jihar Ohio ran 13 ga Maris, 1987, kuma a can aka binne shi.