Muhammadu Durugu: Maginin da ya zama Babban Gwanin Zazzau

Tarihin ƙasar Hausa cike yake da sunayen sarakuna da malamai da mayaƙa, amma da wuya a ji sunan wanda ya gina fadar da sarki ya zauna, ko masallacin da malami ya yi limanci. Ganuwar Kano da Hasumiyar Gobarau ta Katsina sun shafe ɗaruruwan shekaru, ana ambaton sarakunan zamaninsu, amma sunayen maginan sun bi ƙasa. Cikin 'yan ƙalilan da suka kuɓuta daga wannan mantuwa akwai Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi sani da laƙabin Babban Gwani. Shi ne ya gina tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, ginin da masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasahar ginin ƙasa ta Hausawa.

Zamanin da ya taso

Durugu ya yi rayuwarsa a ƙarni na 19, bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. A 1808 Zazzau ta shiga hannun masu jihadi ƙarƙashin Malam Musa, bayansa Yamusa ya hau, sannan Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sabuwar daula ta zo da sabuwar buƙata. Kowane babban gari yana son masallacin Juma'a da zai ɗauki jama'a, da wurin da alƙali zai zauna, da fadar da za ta dace da sarki. Waɗannan gine-gine sun fi ƙarfin maginin unguwa da ya saba da katanga da zaure.

Gini a wancan zamani sana'ar gado ce, kuma hanyar koyonta ɗaya ce. Yaro kan fara da haƙo ƙasa da tattaka ta da ruwa da ciyawa, ya koyi dunƙula tubali ya shanya a rana, daga nan ya riƙa jefa wa magini tubali yana zaune a kan katanga. Sai ya daɗe a haka kafin a bar shi ya hau katangar da kansa. Babu takarda, babu zane: da ƙafa ake shata fasalin ɗaki a ƙasa, da taku da kamu ake awo, sauran kuwa yana cikin kan magini. Wanda ya iya katanga da rufin shigifa magini ne. Ba a kiransa gwani sai ya iya ɗaura baka ta tsaya. Laƙabin Babban Gwani yana nufin wanda gwanayen da kansu suka sallama wa, kuma ruwayoyin Zazzau suna cewa daga shugabannin Sakkwato ya samo shi, tare da ma'aikata masu yawa da aka ba shi domin aiki.

Matsalar azara

Kafin a gane girman aikinsa, sai an san iyakar kayan da yake aiki da su. Ƙasa tana ɗaukar nauyi idan aka danna ta, amma ba ta iya tsallaka sarari. Abin da ke riƙe rufi shi ne azara, wato gangar giginya da aka tsaga. Tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai idan aka ɗora mata ƙasar rufi ba ta tsallaka fiye da kimanin ƙafa 6, wato mita 1.8, ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan ne ya sa ɗakunan talakawa suke da ƙunci, kuma duk wanda ke son babban ɗaki sai ya cika shi da ginshiƙai.

Akwai kuma ruwan sama. A arewacin ƙasar Hausa, irin su Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, damina gajera ce, shimfiɗaɗɗen rufi da indararo sun wadatar. Zazzau kuwa ta fi samun ruwa ƙwarai, kuma ruwan da ya kwanta a kan rufin ƙasa ajalinsa ne. Saboda haka maginin Zazzau yana buƙatar rufi mai tudu, wato tuluwa, wanda ruwa zai gangara daga kansa.

Maganin matsalolin biyu shi ne bakan gizo. Ana kafa azara a cikin katanga ko ginshiƙi, a karkata ta zuwa ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta, ita ma ta ƙara leƙawa ciki, hawa-hawa, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a tsakiya. Ba a kafa wani katako a ƙasa domin tallafa wa bakar yayin da ake gina ta, kanta take riƙewa tun daga tushe. Da wannan dabara ana iya rufe ɗaki mai faɗin kusan mita 8. Idan bakuna suka gitta juna a sama, shi ne ake kira ɗaurin guga. Durugu ya tarar da wannan fasaha a hannun magabatansa. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Masallacin Juma'a na Zariya

A zamanin Sarki Abdulkarimu aka ɗora masa aikin masallacin da ke daura da fadar Zazzau. Bai gina ɗakin salla kaɗai ba. Ya tsara haraba mai katanga, da zaurukan shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a, sannan babban ɗakin salla a tsakiya. A cikin ɗakin ya tsayar da manyan ginshiƙai, daga jikinsu bakuna suka tashi suka rarrabu kamar rassan itace, suka haɗu da na maƙwabtansu, suka ɗauki tuluwoyin rufin. Tsakanin bakunan ya jera azara a fili cikin tsari, ta yadda abin da ke riƙe rufin shi ne kuma adonsa. Jikin ginshiƙan ya yi musu zane mai tudu da kwari, manya-manya, ba tare da cunkoso ba.

Wanda ya san nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa zai fahimci kasadar da ke cikin wannan aiki. Kuskure kaɗan a karkatar azara ɗaya, ko gaggawar ɗora hawa kafin na ƙasa ya bushe, ya isa ya rushe rufi a kan masallata. Ginin ya tsaya fiye da shekara 130 ana salla a cikinsa, ba siminti, ba rodi.

Mutanen zamaninsa sun kasa yarda cewa aikin ɗan'adam ne kawai. Daga nan labarai suka yaɗu cewa da dare yake gini shi kaɗai, gari ya waye a tarar da aiki ya yi nisa, har wasu suka ce aljannu ke taya shi. Irin wannan labari shaida ce ta yadda aikin ya girgiza masu kallo, kuma ya dace da ɗabi'ar masu sana'ar gado, waɗanda ba sa son a ga sirrin hannunsu.

Gidajen sarakuna

Sunansa ya wuce Zazzau, sarakuna suka riƙa aikowa a ba su aronsa. Ana jingina masa wasu soraye a fadojin Kano da Bauchi. Wanda ya fi shahara cikin gidajen da ake danganta masa shi ne Gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa a yau, wanda aka gina wajen 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu. A 1956 aka sa gidan cikin gine-ginen tarihi da gwamnati ke karewa. Daga masallacin Zariya zuwa wannan gida akwai tazarar shekara 20 ko fiye, abin da ke nuna tsawon lokacin da sarakuna suka yi suna neman hannunsa.

Game da ƙarshensa, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa an gayyace shi Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai sarkin garin ya sa aka kashe shi, don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Larabawa ma suna da irin wannan labari a kan Sinimmar, maginin fadar Khawarnaƙ, wanda Sarki Nu'umanu na Hira ya sa aka jefo daga saman ginin, har sakayyar Sinimmar ta zama karin magana a kan rama alheri da mugunta. Maimaituwar labarin a ƙasashe masu nisa da juna tana nuna yadda jama'a ke kallon gwani: dukiya ce da masu mulki ke kishi a kanta. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a birnin Zariya, sarautar magina ta zauna a gidansu, kuma har yau ana kiran unguwarsu da sunan Babban Gwani.

Abin da ya rage

A shekarun 1970 aka sabunta masallacin Zariya. An rushe wani sashe na tsohon ginin, abin da ya rage na ɗakin salla aka kewaye shi da sabon gini na siminti. Abin da ya taimaka shi ne, kafin haka wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, kuma aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Daga baya Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1981 a kan fasahar maginan Hausa. Ba don irin waɗannan ayyuka ba, da yawancin abin da Durugu ya sani ya tafi, domin iliminsa a hannu yake, ba a littafi ba.

A nan ne hasarar take. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe duk shekara, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Idan masu wannan sani suka ƙare, ginin ma ya ƙare. A yau ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya tara abin gina gida, bulo da kwano yake nufa, ya biya siminti da tsada, sannan ya kwana cikin zafin da kakansa bai sani ba a soronsa, domin katangar ƙasa mai kauri tana tsare zafin rana, ta sake shi da dare. Giginyar da ake tsaga azara ma tana ƙaranci.

Wasu ƙasashen ba su yar da nasu ba. Mutanen Jenne a Mali suna fitowa duk shekara su yaɓe babban masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na ƙauyen Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2022 kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da gina makarantu da tubalin ƙasa, ya karɓi Pritzker, lambar da ta fi kowace daraja a fannin tsara gine-gine.

Har yanzu akwai tsofaffin magina a Zariya da Kano da Katsina da ƙauyukan Jigawa da suka iya ɗaura baka. Sassan koyar da tsara gine-gine na jami'o'inmu, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke garin Babban Gwani, da masarautu da hukumar kula da gidajen tarihi, suna da damar zama da su, a auna, a rubuta, a haɗa su da matasa masu koyo, tun suna raye. Allah Ya jiƙan Muhammadu Durugu, Ya sa masallacin da ya gina ya zama sadaka mai gudana a gare shi.