Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko da Kwalejin Katsina

An haifi Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko ɗan Gidado a shekarar 1865, a gidan Sulluɓawa. Ya riƙe sarautar Durɓin Katsina kafin Allah Ya ba shi gadon sarauta a ƙarshen shekarar 1906, bayan da Turawa suka tuɓe Sarki Yero. Shi ne Sarkin Katsina na farko daga wannan gida, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar har yau.

A zamaninsa jama'a na gudun karatun boko, don tsoron kada ya raba 'ya'yansu da addini. Marigayi ya hango cewa ƙasa ba ta riƙuwa sai da masu ilmin zamani, saboda haka ya fara da gidansa. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi, ya yi karatu a makarantar lardi ta Katsina. A shekarar 1921 kuma Marigayi ya sauke farali, ya ziyarci Ingila, ya nuna wa talakawansa cewa neman sanin duniya ba ya hana riƙon ibada.

Wannan goyon baya nasa, tare da daɗaɗɗen sunan da birnin Gobarau da Wali Ɗan Marina ya yi wajen ilmi, ya sa Katsina ta dace da zama mazaunin kwalejin horon malamai ta farko a Arewa. An fara karatu a 1921, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Gini ne na ƙasa, ɗalibai kuwa maza ne zalla da ake zaɓowa daga lardunan Arewa. Shekara biyar suke yi suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, da yamma kuma a fita wasan kurket. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam suka yi karatu, kowannensu ya fara aiki da koyarwa kafin ya zama abin da ya zama.

Marigayi yana raye aka ɗauke kwalejin zuwa Kaduna a 1938. An mai da ita Zariya a 1949, a 1971 kuma ta sami sunan Kwalejin Barewa. Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad duk sun ratsa ta a waɗannan matsugunai. Tsohon gininta na Katsina ya zama gidan adana kayan tarihi.

Allah Ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a shekarar 1944, bayan fiye da shekara 37 yana mulki. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya albarkaci zuriyarsa, amin.