Fada Jimmy Tompkins: Firist da Ya Koya wa Talakawa Gina Gidajensu da Guminsu

A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda ya nuna cewa gumin talaka ma jari ne.

An haifi James Tompkins ranar 7 ga Satumba, 1870, a Margaree, cikin lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada. Ya yi karatun zama firist a Roma, aka naɗa shi a 1902. Da ya komo gida, ya shekara 20 a Jami'ar St. Francis Xavier ta Antigonish, har ya zama mataimakin shugabanta, yana nacewa a kai ilimi ga manoma da leburori. A 1922, saboda saɓanin ra'ayi game da haɗe jami'o'in yankin, Bishop ya tura shi Canso, garin masunta matalauta. Ya yi biyayya ya tafi, ya koya musu haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama kai.

A 1935 aka mai da shi Reserve Mines, garin masu haƙar kwal. Yawancin mutanensa suna haya ne a tsofaffin gidajen kamfanin da suke wa aiki, don haka wanda ya rasa aiki yana iya rasa matsuguni. Albashinsu kuwa bai isa sayen gida ba.

Fada bai raba musu kuɗi ba. Ya buɗe ɗakin karatu, ya tara su ƙungiya-ƙungiya suna nazarin matsalarsu. Mary Arnold, wata gwanar harkar gama kai daga New York, ta zo ta taimaka. Maza da matansu suka koyi lissafin kuɗin gini, suka zana fasalin gidajen, har suka yi samfurinsu da kwali. Kowane iyali ya ba da dala 100, Hukumar Gidaje ta lardin ta ba da rancen da za a biya wata-wata cikin shekara 25, sauran kuɗin kuma aikin hannunsu ya maye gurbinsa. In sun fito daga ramin kwal, sai su ɗauki shebur da guduma, su haƙa harsashi, su ɗora rufi, kowa yana yi wa ɗan'uwansa, kamar aikin gayya.

A watan Agusta, 1938, aka buɗe unguwar mai gidaje 11, suka raɗa mata suna Tompkinsville don girmama shi. Garuruwa da dama a lardin suka yi koyi da su.

Fada Tompkins ya rasu ranar 5 ga Mayu, 1953. Darasin da ya bari shi ne, wanda ba shi da kuɗi yana da hannu da hankali, kuma gidan da mutum ya zuba wa guminsa yana tsare mutuncin iyalinsa. Allah ya ba shi hutawa ta har abada. Amin.