Niels Bohr, Masanin Da Ya Gano Matakan Cikin Ƙwayar Zarra

An haifi Niels Bohr a Kofanhagan, babban birnin ƙasar Denmak, ran 7 ga watan Oktoba, 1885. Bayan ya sami digirin dokta a 1911, sai ya tafi Ingila, inda ya yi aiki a Mancesta tare da Ernest Rutherford.

Rutherford ya riga ya nuna cewa ƙwayar zarra tana da cibiya, wadda ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron suke kewayawa. Sai dai bisa ƙa'idojin kimiyyar wancan zamani, ya kamata ilektaron ya rasa ƙarfinsa nan take ya faɗa cikin cibiyar, wanda da haka ne da babu abin da zai tabbata a duniya. A 1913 Bohr ya warware wannan ƙulli. Ya nuna cewa ilektaron ba ya zama inda ya ga dama, sai a kan ƙayyadaddun matakan ƙarfi, kamar hawan bene.

Daga nan ya juya kan jadawalin sinadarai na Mendeleev. Sodiyam yana da ilektaron 11: biyu a mataki na ɗaya, takwas a na biyu, ɗaya a na uku. Ashe matakin ƙolinsa shi ne na uku, shi ya sa yake layi na uku a jadawalin. Fotasiyam, mai 19, ya kai mataki na huɗu, amma tun da shi ma ɗaya ke gare shi a ƙoli, halinsu iri guda ne.

An gwada wannan ra'ayi a kan sinadari na 72. Masanin Faransa Georges Urbain ya yi iƙirarin ya same shi cikin rukunin ma'adinai masu wuyar samu, amma lissafin Bohr ya nuna ɗan'uwan zirkoniyam ne. Kasada ce babba, domin da ya kuskure, da aikinsa ya shiga shakka. Abokan aikinsa Coster da Hevesy suka bincika ma'adinin zirkoniyam, suka same shi a ƙarshen 1922, daidai lokacin da Bohr yake karɓar lambar yabo ta Nobel. Aka raɗa wa sinadarin suna hafniyam, daga sunan Kofanhagan da Latinanci.

A 1943 ya tsere wa 'yan Nazi zuwa Suwidin cikin jirgin ruwa, kasancewar mahaifiyarsa Bayahudiya ce, daga bisani ya taimaka a aikin ƙera bam ɗin nukiliya a Amurka. A 1950 ya rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa yana neman ƙasashe su daina ɓoye wa juna ilmin nukiliya. Ya rasu a Kofanhagan ran 18 ga Nuwamba, 1962.